Jan Haske a Yatsar Inoke

Vasemaca tana 'yar shekara biyar ta fara jin sunan taubashinta Inoke, ranar da aka ce ya nutse ya ciro ƙugiyar kwalekwale. Shekara sittin ke nan, duk tsibirin Kadavu ba a yi mai nutso kamarsa ba. Sai jiya masu bincike suka zo da wani ɗan matsi mai jan haske. A maƙala maka a yatsa, ka riƙe numfashi, ya nuna gudun jininka da taurin jijiyoyinka. Nata suka fito lafiya. Shi kuwa aka ce ya bar zurfi, in yana son ransa.

Da safe ta tarar da shi yana goge tabaran nutsonsa, zai fita.

"Ina kwana, Sarkin Ruwa. Ya jijiya?"

"Tafi can! Ke da ruwa bai taɓa wuce miki gwiwa ba, ke ce mai jijiyar budurwa?"

"Ni na faɗa? Na'ura ce ta faɗa."

"Na'urar banza! Man kwakwa kika shafa wa yatsar, hasken ya zame."

"Kai ma ka shafa mana. Likita ta ce naka kamar busasshen rogo."

"Minti uku na yi ban shaƙi iska ba! Ke fa?"

"Ɗaya da rabi."

"To! Amma ke aka tafa wa. Har hotonki suka ɗauka, da wannan bakin naki babu haƙori."

"Au, hoton ne ke cinka?"

Ya ɗauki mashinsa na sukar kifi. Ta san ko limamin coci ba zai tare shi ba. Sai ta durƙusa, ta tafa hannu sau uku.

"Kerekere, ɗan kawu. Tabaran nan nake so."

Ya tsaya cak. Roƙon dangi ne, wanda ba a ƙi.

"Muguwa! Kin kwashe jijiya, kin kwashe hoto, yanzu kuma idanuna?"

"Miƙo."

Ya daɗe yana juya shi a hannu. Can ya yi dariya, ya rataya mata a wuya.

"Da kanki kamar kabewa, ko zai shiga? To ji nan. Bayan dutsen can akwai wani tsohon kifi mai tabo a baki, shekara tara muna gaisawa. In kin leƙa, ki dawo ki gaya mini ko yana nan."