Rasuwar Tsohuwa, Mai Raba Mazaɓu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da zargin da ya ƙi kwanciya, mai zanen taswira na ofishin shata mazaɓu yake sanar da rasuwar abokiyar aikinsa, kwamfutar da ake kira Tsohuwa. Ta cika ranar Talata da hantsi, saura kwana uku a miƙa sabuwar taswira.

Marigayiya ba ta san gidan kowa ba. A ba ta yawan jama'a da tsawon tituna, ta yi "gurrr" na rabin awa, ta ce "ƙit", sai ga mazaɓu daidai wa daida, babu mai wutsiya. Ita ce ta raba mai taswira da layin mahaifiyarsa, kowa da mazaɓarsa. Ya yi kwana biyu yana gaba da ita, sannan ya sa hannu. Ya sha tambayar kansa ko adalci gare ta, ko kuwa rashin dangi ne kawai.

Ciwon ajali ya soma ranar da ta fitar da unguwar bayan gidan mai daga mazaɓar da surukin shugaban kwamiti yake nema. Sau uku aka ce a lanƙwasa layin, sau uku ta miƙe shi. Ranar Talata sakataren kwamitin ya aiki mai taswira ɗakin ajiya, ya dawo ya tarar da ƙauri. Mai gyara ya ce shayi ne ya shiga ta bayanta. Mai taswira ba ya shan shayi. Ba ya tuhumar kowa. Ya dai lura cewa sakatare ya fi kowa kuka, kuma tun gawa ba ta huce ba aka kawo fensir dozin guda da abin gogewa.

Ta bar firinta mai tari, da allon rubutu mai gogaggun haruffa, da marayu dubu tara a bayan gidan mai, waɗanda ba su ma san an yi musu rashi ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma a ƙofar ofis. Taswirarta ta ƙarshe, wadda ta buga ran Litinin, mai taswira kuma ya kai ta gida a aljihu, za a manna ta a bango kowa ya zo ya nemi layinsu. Ana roƙon 'yan kwamiti masu zuwa ta'aziyya su bar fensir a mota.