Kawu Mai-Minshari a Bangon Jam'iyya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara dattawan jam'iyyar manomanmu a Rusairis don in nuna musu cewa ilimina bai tafi a banza ba. Har yanzu idan na tuna, sai in ji kunnuwana sun yi zafi.

Ni ne mai kula da kwamfutocin jam'iyyar. Guda uku ne, na haɗa su suna aiki kamar ɗaya (mu a sana'a kilasta muke cewa), kuma manhajojinmu kowace tana zaune cikin kwantenarta, wato keɓaɓɓen ɗakinta a cikin na'urar. Sunayen manoma, girman gonar kowa a ma'aunin faddan (kusan eka ɗaya ke nan), da irin dawa ko riɗi da zai karɓa a rabon damina, duk suna cikin ma'aji guda da na sa wa suna "manoma". Rabon iri saura kwana biyu.

Shugaban jam'iyyar kawuna ne, Kawu Haruna, kuma bai taɓa yarda da na'ura ba. Kullum tambayarsa ɗaya: "In abin nan ya lalace, ina sunayen mutane za su?" Ni kuwa sai in amsa da ƙasaita cewa akwai sinafshot, wato hoton ma'ajin da na'ura ke ɗauka kowace rana, wanda za a iya dawo da komai daga cikinsa. Da na gaji da tambayar, na ce a taru in nuna.

Da safen ranar taron na yi kwafin ma'ajin sak, na sa masa suna "manoma1", don in yi wasana a kansa. (Dubi wannan suna da kyau. Lamba ɗaya ce kawai ta raba shi da na gaskiya.) Aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo shayi, na haska allon kwamfuta a bango.

"Ya jama'a," na ce, "yanzu zan goge komai a gabanku, sannan in dawo da shi kafin shayinku ya huce."

Na goge. Ina danna maɓallin na ga abin da na rubuta: babu lambar. Ma'ajin gaskiya na share. Amma na yi murmushi, domin ai akwai sinafshot. Na buɗe jerinsu ina sa ran ganin na jiya. Guda ɗaya tak na tarar. Ashe umarnin ɗaukar hoton kullum da na rubuta bai taɓa aiki ba, ni kuma ban taɓa dubawa ba. Ban tsaya karanta kwanan watansa ba, na dawo da shi, na juya ga sakatariyarmu.

"Ustaza Sakina, karanta musu da ƙarfi, kowa ya ji sunansa."

Ta gyara tabarau. Ta dubi allon. Ta ce, "Ya ustaz, ka tabbata?"

"Karanta kawai."

"Na ɗaya: Kawu Mai-Minshari, gona faddan dubu. Na biyu: Baba Ba-Ya-Gama-Magana. Na uku: Alhaji Sai-Gobe."

Hoton ranar farko ne, lokacin da nake gwada manhajar ni kaɗai, ina cika ta da sunayen da na ƙirƙira don nishaɗi. Abin takaicin, ba wanda ya nemi bayani. Duk wanda aka ambata, sai idanu su juya kansa kai tsaye. Alhajin da ake nufi ma da kansa ya ɗaga hannu.

Kawu Haruna ya ajiye kofinsa a hankali. "Ɗan 'yar'uwata, minsharin na ji, ba komai. Sunayen mutane nake tambaya. Jibi rabo."

Nan ne gumin gaskiya ya keto mini. Na zauna, na daina jawabi, na duba. Kwafin da na yi da safe yana nan lafiya, tunda ban taɓa shi ba. Daga gare shi na yi sabon ma'aji, na haɗa shi da manhajar, na roƙi Ustaza Sakina ta sake karantawa. Wannan karon sunayen gaskiya suka fito, ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe. Ba wanda ya tafa.

"Khalas, shi ke nan," in ji Kawu. "Buga mini su a takarda, kwafi biyu." Na buga.

Da za su fita, Baba Ba-Ya-Gama-Magana ya tsayar da ni a bakin ƙofa don ya bayyana mini cewa sunan bai dace da shi ba. Bayanin ya kai mu kiran sallar azahar.

Tun daga ranar nake gwada dawo da kowane sinafshot ni kaɗai kafin in yi alfahari da shi a gaban kowa. Idan kuma gwaji ya buƙaci sunaye, na kifin kogi nake sawa, domin su ba sa zuwa taro.