Inuwar Haya a Ƙarshen Layinmu

Yau da hantsi inuwa ta tashi ta bar ni zaune. Ba rana ce ta juya ba, jama'a. Wasu ƙarti biyu ne suka zo suka cicciɓi bishiyar da nake ƙarƙashinta, da ita da tukunyarta, suka ɗora a bayan mota. Ina riƙe da burodi da naman soseji da aka raba a wurin, baki buɗe, ranar Janairu, watan da zafi ke kai ƙarshe a ƙasar nan tamu, ta sauko mini a tsakiyar sanƙo kamar an kifa mini kaskon suya.

"Samari, ina za ku kai mini inuwa?"

"Yi haƙuri Baba, bishiyoyin nan hayarsu aka ɗauko. Ana jiransu a wani bikin can gaba."

Bari in faro muku daga tushe. A ƙarshen layinmu akwai wani fili, tsohon wurin wankin motoci, wanda tun ina tuƙa bas ake cewa za a gina wa masu ƙaramin ƙarfi gidaje a kansa. Na yi ritaya, gwiwa ta fara ƙara, gafara sa dai muke ta ji, ƙaho ko na roba ba mu gani ba. Ni kuwa maganar ta shafe ni har wuya, don 'yata Tegan da mijinta da tagwayensu a garejina suke kwana. Ita tana kula da tsofaffi a gidan jinya, shi yana gyaran firji, amma hayar garin nan ta gagare su su biyun. Motata tana waje tana shan rana, jikokina suna ciki suna gasuwa a ƙarƙashin kwano.

Sai bara majalisar garinmu ta fito da sabuwar doka, wai ta sanyaya gari. Duk sabon gida rufinsa ya zama fari, da tankin tarar ruwan sama, kusa da tashar bas, sannan kashi ɗaya cikin uku na filin ya kasance a inuwar bishiya. In gaya muku gaskiya, na yaba. Mu da kwalta ke narkewa ta riƙe mana silifa, ba sai farfesa ya zo ya sanar da mu duniya ta ɗau zafi ba. Matata Raelene ce kawai ta taɓe baki.

"Merv, ka cika saurin tafi. Bari mawaƙin ya buɗe baki tukuna."

To, yau ne aka yi bikin ƙaddamar da aikin. Mai Girma Sarkin Yankan Zare, Gagarabadan Alƙawari, ya iso da jerin manyan motoci. Ya hau mumbari ya yi ta zagin hayaƙi, hayaƙi ya ɓata sama, hayaƙi ya cuci jikokinmu, a bayansa kuwa duk motocin suna kunne da na'urar sanyi don kada cikinsu ya yi zafi. Wannan shi ne shugaba mai tausayi. Ko kujerar motarsa ba ya so ta sha wahala, balle mu talakawansa.

An jera bishiyoyi a tukwane, kore shar, gwanin sha'awa. Mai Girma ya karɓi shebur mai ruwan gwal, ya ɗan taɓa ƙasa da shi kamar mai tsoron ya tashe ta daga barci, aka ɗauki hoto, aka tafa. Daga nan ne aka kwashe inuwar, har da tawa.

Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Na kutsa har gabansa.

"Ranka ya daɗe, yaushe za a fara ginin?"

Ya damƙi hannuna ya girgiza, ya ce tambayata ta burge shi ƙwarai, ya miƙa ni ga wani siriri mai tabarau, wanda na naɗa wa sarautar Wazirin Sai An Duba. Waziri ya yi mini bayani dalla-dalla. Ba za a aza tubali ba sai fili ya samu inuwa. Ba za a dasa bishiya ba sai an jawo famfo. Famfo kuma ba a jawo shi sai inda akwai gida.

"To Yallaɓai, wanne ne zai fara zuwa?"

"Ana kan dubawa."

Sai ga maƙwabcina Tevita yana ratso mutane. Mutumin tsibirin Tonga ne, ƙato, wanda in ya tsaya kusa da kai ka huta da neman laima. Tun ranar da ya ji dokar nan bara, bai jira kowa ba. Ya kwashi mutanen cocinsu suka dasa ayaba a bayan filin, suna bi da bokiti safe da yamma, don shi ma ƙaninsa a falonsa yake kwana. Yanzu ayabar ta yi daji, ta wuce tsayin katanga.

"Yallaɓai, waiwaya ka gani. Inuwa dai ga ta can, kyauta. A kawo bulo."

Waziri ya waiwaya, ya gyara tabarau, ya yi murmushin wanda ya tsinci dami a kala.

"Ai ayaba ba bishiya ba ce. A ilimance ciyawa ce. Ba ta da katako."

Tevita ya ce, "Ciyawa? Wadda ta ninka ka tsawo?"

"Ciyawa mai ƙoƙari, amma dai ciyawa."

Kun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wani mai jar hula daga sashen tsaftar gari, wanda tun ɗazu ba abin da ya dame shi sai soseji, ya ji an ambaci ciyawa, kunnensa ya miƙe. Ya ce in dai ciyawa ce, doka ta hana ta wuce gwiwa saboda macizai, gobe zai turo a yanke. Tevita ya tuɓe silifa ya ajiye gefe, ya ce duk mai yankan ya zo da limaminsa. Waziri ya ce shi bai ce a yanke ba. Mai jar hula ya ce to bishiya ce ke nan. Waziri ya ce shi bai ce haka ba.

Da Mai Girma ya ga gardama za ta kai shi har lokacin cin abinci, sai ya nuna hikimar da ta sa muke zaɓensa. Nan take ya kafa kwamiti, ya gano mana ko mece ce ayaba. Kafin kwamiti ya gama, ba yanka, ba gini.

Na dawo gida na tarar da Tegan tana cika wa tagwaye baho da ruwa su zauna a ciki.

"Baba, an fara?"

"An kafa kwamiti, 'yata."

Ta yi dariya, irin wadda ake yi don kada a yi kuka, ta ci gaba da zuba ruwa. Raelene ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta dai shafa mini mai a sanƙo da ƙarfin da ya fi maganar zafi.

Ni da Tevita mun yanke shawara. Ranar zaman farko za mu aika wa kwamiti nunanniyar ayaba, kai guda, mu tsaya ta taga muna kallo. In suka ɓare suka ci, ɗayan biyu ne: ko dai ɗan bishiya suka ci, a kawo bulo, ko kuwa ciyawa ce, masu girma sun fara kiwo.