Liƙin da Na Yi wa Mai Salka

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Litinin a bakin dam ɗin Bakolori ba. Lokacin ana tsakiyar ginin, ni kuma ina tuƙa tifa, ina ji da kaina.

Akwai wani Bature makanike da muke kira Mai Salka, saboda algaitarsa. Wata salka ce yake maƙalewa a hammata, bututu uku sun miƙe a kafaɗarsa, yana hurawa yana matsawa, sautin ba ya yankewa. In an tashi aiki yakan hau tudu ya busa. Wasu su ce kukan akuya ne. Ni kuwa, wallahi, har tsigar jikina tashi take, sai in tsaya ina saurare har a kira magariba.

A garejinsa abokina Sani yake aiki, yayan Hajara, wadda nake nema a Birnin Tudu. Mahaifinsu, Malam Garba, bai amince ba tukuna. Cewa yake direba ba shi da natsuwa (kuma ban ga laifinsa ba yanzu).

Na yi kwana uku a Maradun wajen gyatumata. Ina dawowa na jiyo busa da safe, abin da ba a saba ba. Na tarar da ma'aikata tsaye cirko-cirko, Mai Salka ya sha ado, yana busa wani take a hankali mai ratsa zuciya. Can gaba sai ga Malam Garba. Na ce a raina, yau dattijo zai san ya samu suruki mai hannu sake.

Ban gai da kowa ba. Na kutsa tsakiyar fili ina rangaji, na ɗaga hannu ina kirari: "Sai kai, Mai Salka! Busa, maza su ji daɗi!" Na zaro sabuwar naira na manna masa a goshi. Ta faɗi, na ɗauka na sake mannawa. Sai a nan na lura hawaye ne ke zuba a fuskarsa. Bai daina busar ba.

Wani ya riƙo rigata ta baya. "Kai, ba ka da labari? Ƙasa ta rufto ma Sani shekaranjiya. Baturen ga bankwana shika yi mai."

Na juya. Malam Garba yana rungume da ƙunshin kayan ɗansa, takalman aikin na leƙowa. Al'adar ba tamu ba ce, amma ya tsaya ya daure, don ya san Baturen ya ƙaunaci yaron. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na rasa abokina, ga shi na yi rawa a kan rasuwarsa.

Ranar sadakar bakwai na lallaɓa na durƙusa gaban Malam Garba, na roƙi gafara. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Yaro, ban riƙe ka ba. Amma da ka tsaya kag gaishe mu, da mun hwaɗa ma."

Sai da na ƙara shekara biyu kafin ya ba ni Hajara. Har gobe ina son busar nan, amma ko ango na gani bisa doki, sai na tambayi lafiyar kowa kafin in ɗaga ƙafa.