Lambar da Marigayiya Ta Ɓamɓare

Jiya da hantsi na yi rigingine a tsakar ɗaki, ina leƙen ƙarƙashin injin zuƙe ƙura da gilashin karatu. Masu girma na Ofishin Ƙidayar Kayan Lantarki ne suka ce duk injin da ba a kai lambar samfurinsa da ta siriyal ba, za a kwashe shi ranar Litinin. Allah ya ƙara musu basira. An gama da ramukan titi ke nan, saura injin matata marigayiya, wanda shi kaɗai ya rage mai ɗaga murya a gidan nan.

Na duba ƙasa, bayan tayoyi, gefen jakar ƙura, har inda ake naɗe waya. Babu komai sai tabon gam.

Maƙwabcina tela ya leƙo ta taga. "Malam, faɗuwa ka yi ko hutu kake?"

"Lamba nake nema."

"Ƙirƙiro mana! Ni ranar haihuwar surukata na ba su, suka buga hatimi har da yabawa."

Na ƙi. Yawan karatu yana jawo wa mutum irin wannan taurin kai. Can sai na tuna halin marigayiya: ba ta barin takarda manne a jikin kaya, wai ƙazanta ce, kuma ba ta yar da komai. Na buɗe kabad ɗinta, karon farko cikin shekara uku. Ga su nan jere a bayan ƙofa: ta firiji, ta dutsen guga, ta injin, kowace da rubutun hannunta a ƙasa. Na ɗan jima a tsaye, sannan na ɓamɓaro takardar injin.

Na jawo injin har ofis. Mai girma magatakarda ya karɓi takardar da yatsa biyu.

"Baba, ka dawo wani watan. Kwamfutarmu ta shaƙe da ƙura, an kafa kwamiti."

"Litinin fa za ku kwashe shi."

"Wannan wani sashe ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina soket ɗin wuta?"

Minti biyar na yi ina zuƙe mata ƙurar, kwamfuta ta farfaɗo, aka buga mini hatimi. Injin ya dawo gida. Magatakarda ma ya tambaya ko zan riƙa leƙowa duk mako.

Shekara talatin marigayiya tana fama in taɓa injin nan, ban taɓa ba. Hukuma ta sa ni a wuni ɗaya. Wa ya ce ba ta aiki?