Yadda Muka Ceto Shinkafar Baba Rabo

Shekaranjiya na ci shinkafar da ban taɓa cin mai daɗinta ba, kuma har yanzu istigfari nake yi.

Maƙwabcina Baba Rabo, a nan Damari, yana da wata jar shinkafa da ya gada. Doguwa ce, idan fadama ta cika sai ta miƙe ta bi ruwa, ba ruwanta da takin zamani, ga gashi a kanta da ke hana tsuntsu sakewa. Shekarun baya manyanmu masu hangen nesa suka ce nomanta ci baya ne, kowa ya koma sabon iri. Muka koma. Baba Rabo kaɗai ya kafe, muna yi masa dariya. A bana buhu guda na iri ya rage masa, ga damina a bakin ƙofa.

Sai manyan suka sake hango nesa. Aka aiko cewa Mai Girma Uban Jiniya zai zo ƙaddamar da shirin ceto irin gargajiya, kowa ya kawo abin da ya gada a baje. Baba Rabo ya ce zai ba da tiya guda. Malam Gide, shugaban kwamitin tarbar baƙi, ya ce tiya ba ta fita a hoto, sai buhu, ya kuma rantse ko ƙwaya ba za ta yi ciwon kai ba. Ni na goya buhun a babur tun ana jajibiri, na jingine shi bayan rumfa.

Taro ya yi taro. Motocin da suka zo ceto irin sun sha man da zai kai mu bayan sallah. Mai Girma ya yi jawabi, ya ce iri amana ne, har muryarsa na rawa. Muka tafa. Aka fara rabon abinci, ni ma Allah ya ci da ni. Dafa-duka ce ja, ƙamshinta har cikin kai. Na kai loma ta uku kenan na ga Baba Rabo ya tsaya da ci, yana juya ƙwaya ɗaya a tafin hannunsa.

"Harisu," ya ce, "ina ka aje mani buhuna?"

Ashe shinkafar da aka ware don baƙi ta ɓace a hanya, kamar yadda taki ya saba yi. Kwamiti ya duba gabas ya duba yamma, sai ga buhu a jingine. Da safen ranar taron aka kai shi inji aka cashe. Wani manomi, Ishaya, ya tsira da nasa kayan, don shi maiwa ya kawo, manya kuwa ba su da lokacin jiran tuwo.

A yi wa Mai Girma adalci, ya san abu mai kyau. Ya nemi ƙari, ya suɗe cokali, ya ce irin wannan ce ba za su bari ta ɓace ba muddin suna raye. Ya sa aka kira manomin, aka ba shi hula da riga mai hoton shinkafa. Baba Rabo ya karɓa da hannu biyu, ya ce ranka ya daɗe. Ko ranar da aka kore masa shanu ban ga hawayensa ba, amma da muka juyo gida na gani. Raina ya ɓaci ƙwarai, ga abin takaici, cikina a ƙoshe.

Matarsa Inna Baraka ce ta katse mana zaman makoki. Ta tuna masa cewa a gidansu duk ɗiyar da aka kai ɗakinta, ana sa mata ƙoƙon iri cikin kayanta. Jiya da safe na kama hanyar Sheme, inda 'yarsu Bilki take aure, ina tafe ina roƙon Allah ya sa ba ta bi shawarar manya ba. Ba ta bi ba. Duk shekara tana yafa jar shinkafar a gefen fadamar mijinta, wai don ta fi ƙamshi a tuwo. Ta auna tiya guda, ta ƙulle a tsumma, amma ba ta sakar mini ba sai da ta kafa sharaɗi.

"Malam Harisu, ka hwaɗa ma Baba, in wani ya tambaya mi ya shuka, ya ce ciyawa ce."

Baba Rabo ya riƙe ƙullin nan kamar jinjiri, ya shige ɗaka da shi, ko ni bai bari na ga inda ya sa ba.

Sauran buhun kuwa kada kowa ya damu. Na ga lokacin da ya bar Damari, a kujerar baya, gilashi a rufe, jiniya gaba jiniya baya. Tunda nake ban taɓa ganin irin da ya samu tsaro haka ba.