Yadda Za Ka Yi Ta Zaɓen Jirgin Zuwa Ƙasar Ƙanƙara Har Lokacin Tafiya Ya Wuce

Ɗan'uwa, idan maiɗakinka ta tashi da rigimar sai kun hau jirgin ruwa kun je inda teku ke daskarewa, kai kuwa ko fanka aka kunna sai ka lalubi bargo, to kwantar da hankalinka. Bi waɗannan matakai yadda na jera su, na yi maka alkawari za ka shekara kana zaɓen jirgi, ana yaba maka da natsuwa, ƙafarka ba ta taka ko bakin ruwa ba. Ba da ka na tsara su ba. A falon yayana na koye su, ina shan shayi, shi yana aikatawa.

Mataki na ɗaya: Ka ce "to" da ƙarfi

Kada ka kuskura ka ce a'a. Mai cewa a'a shi ake lallashi har ya gaji ya yarda.

Yayana ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran firji, amma duk zuriyarmu babu matsoracin sanyi kamarsa. Matarsa, wadda muke kira Anti, malamar labarin ƙasa ce har ta yi ritaya. Ta zana wa yara tsaunin ƙanƙara a allo ba adadi, ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba. Da autarsu ta samu aiki a kamfanin shirya tafiye-tafiye, sai ta zo ta ce ta ɗauki nauyin komai, su dai su zaɓi jirgi da hanya da lokaci.

Anti ta riƙe baki don murna. Yaya ya bugi cinya ya ce, "Madalla! Ni da sanyi ai tsofaffin abokan aiki ne. Ku bar mini zaɓen."

Ka lura da ƙarshen maganar nan. Duk wanda zaɓe ke hannunsa, tafiya ma tana hannunsa.

Mataki na biyu: Kowane jirgi ka nemo masa aibi

Jiragen iri biyu ne. Akwai babba mai hawa-hawa kamar otal, ba ya jijjiga sosai, amma girmansa ba ya barinsa ya shiga lungunan da ƙanƙarar take, sai dai a nuna maka ita daga nesa. Akwai ƙarami mai kutsawa har gindin tsaunin, amma igiyar ruwa na wasa da shi yadda ta ga dama.

Wannan rahama ce gare ka. In an kawo babba, ka ce kamar yadda Yaya ya ce wa Auta: "Haba 'yar nan, mu bar gida don mu je mu bi layin abinci da mutanen gari guda?" In an kawo ƙarami, ka cire tabarau, ka daɗe kana kallon hoton, sannan ka tambaya a hankali ko kyaftin ɗin yana da iyali.

Kada ka manta da ɗaki. Na ƙasa a tsakiyar jirgi ya fi kwanciyar hankali, amma ba taga. Mai taga yana sama, inda jijjiga ta fi. Kowanne aka ambata, ka ce ɗayan kake so.

Mataki na uku: Ka shimfiɗa taswira a teburin cin abinci

Ka danne kusurwoyinta da kofuna, ka bar ta nan har mutanen gida su koma cin abinci a cinya. Duk baƙon da ya shigo zai shaida kana aiki.

Hanyar da ta bi gefen gaɓa, tsibirai na kare ta daga iska, ka ce ta masu tsoro ce. Wadda ta ratsa tsakiyar teku, ka ce ba za ka kai uwar 'ya'yanka can ba. Hattara dai idan matarka ta fi ka sanin taswira. Anti takan zo ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa takardar, ta gyara masa yatsa ta ce, "Malam, nan da kake nunawa ƙasa ce, ba ruwa ba." Yaya yakan ce gwada ta yake yi.

Mataki na huɗu: Lokaci shi ne babban makaminka

Jiragen nan ba kullum suke tafiya ba, sai ƴan watannin da ruwa ya saki. A farkon lokacin ƙanƙara ta fi yawa, sanyi ma haka. A tsakiya rana ba ta son faɗuwa, ka ce kai ba ka iya barci da haske. A ƙarshe ake ganin manyan kifayen nan masu feso ruwa ta ka, amma iska ta fara tashi. Hasken nan mai launi-launi da ke rawa a sama kuwa sai duhu ya dawo, lokacin yawancin jirage sun koma gida.

Ka ce kai duka kake so ta gani a tafiya ɗaya, don ba ƙaramar mace ka aura ba. Da wannan kalma kaɗai Yaya ya cinye shekara guda, har Anti ta yi masa godiya.

Mataki na biyar: In za ka gwada kanka, yi a ɓoye

Da shekara ta zagayo, Yaya ya fara zargin ko tsoron nasa ya wuce kima. Ya sa riga kan riga, safa kan safa, ya tafi wurin wani tsohon abokin cinikinsa mai sayar da kifi, ya ce ya zo duba masa ɗakin sanyi kyauta. Ya shiga, ya ja ƙofa. Mai kifi bai gama amsa wayar da aka kira shi ba ya ji ana dukan ƙofar da hannu biyu.

Ya dawo gida yana atishawa. Anti ta shinshina ta ce, "Malam, kifi ka sayo mana?" Dole ya juya ya je ya sayo, don ya tsira da mutuncinsa.

Mataki na shida: Kada ka raka ta asibiti

A nan Yaya ya yi sake, kai kada ka yi. Wata safiya Anti za ta je ganin likitan ido, Auta na wurin aiki, sai ya ce bari ya kai ta. Likita ya ɗauka Yaya ya san komai, ya juyo yana yi masa bayani: ganin nata raguwa yake yi, magani na rage masa gudu ne kawai, ba ya tsayar da shi. Abin da take gani bana, ba lallai ta gan shi baɗi ba.

A mota ya daɗe bai tayar da injin ba.

"Tun yaushe kika sani?"

"An jima."

"Shi ne ba ki faɗa mini ba?"

Ta gyara jakarta a cinya ta ce, "Na ga kana ta bincike, Malam. Ban so in katse ka." Sannan ta ƙara da cewa, "Na kuma san ba ka son sanyi. Bar shi kawai, ai na gani a littafi."

Nan take ya kira Auta. "Ƙaramin jirgin nan mai shiga lungu. Farkon wanda zai tashi."

"Baba, kai fa ka ce yana jijjiga."

"Na ce. Ɗaki mai taga, a sama."

"Baba, farkon lokaci ya fi sanyi."

"Ke, ni za ki koya wa sanyi? Rubuta."

Mataki na bakwai: In ka riga ka hau, to sai haƙuri

Ba ni da sauran dabara, sai abin da suka ba ni labari. Kwanakin farko Yaya bai san ko tagar tana buɗe ko rufe ba. Yana kwance rungume da bokiti, yana yafe wa duk wanda ya taɓa ɓata masa rai. Anti kuwa ta san kowa a jirgin, har masu dafa abinci suna kiranta Mama.

Ranar da suka shiga lungun ƙanƙara ruwa ya kwanta, aka kashe injin. Ta zo ta tsaya a kansa ta ce, "Tashi ka ara mini idonka." Ya fito saman jirgi a naɗe cikin bargon ɗaki, hanci kaɗai a waje, tana riƙe da gwiwar hannunsa. Tsaunin yana gabansu, ya fi duk wani gini da ya taɓa gani. Ta ce tana ganin fari, tana ganin wani shuɗi-shuɗi a tsakiya, amma gefen ya narke mata da sama.

Sai ya fara yi mata bayani, haƙora na kaɗawa: ga tsaga nan daga sama har ƙasa, ga wani kogo ruwa na shiga yana fita, ga tsuntsaye sun jeru a kafaɗarsa kamar masu jiran mota. Yana cikin zuba ta matse masa hannu.

"Yi shiru, Malam. Saurara."

Ya yi shiru. Ƙanƙarar tana ƙara, ƙas-ƙas, ƙas-ƙas, kamar mai na soyuwa a nesa.

Ta ce, "Duk shekarun nan ban taɓa gaya wa yaran ajina tana magana ba. Ban sani ba."

Aka buga ƙararrawar shayi, mutane suka watse. Ta ce su shiga ciki kada ya yi mura. Ya ce ta bari tukuna, akwai wani ƙaramin tsaunin yana tahowa ta hagu, bai gama gaya mata kamanninsa ba.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba jami'in jirgi ba ne, ba likita ba ne, ba kuma mai sasanta ma'aurata ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari a tsakiyar teku, kunnuwa sun ƙage, mace na riƙe da hannunsa tana dariya, shi ya jiyo, kada ya neme ni. Haka kuma ba ruwana da duk wanda ya je gaishe da Yaya ya tambaye shi yaya hanya. Ka tafi da abincinka, don sai la'asar za ka fito.